Yadda Sunan Enoch Ya Koma Kuskure

A ƙauyenmu na bakin teku, a arewacin Ingila, in ka zuba gishiri a shayi sai a ce maka, "Kai, ka yi Enoch!" Yaran yanzu sun ɗauka daga sama kalmar ta faɗo. Ni kuwa na san mai sunan, shi ya sa ba ta taɓa ba ni dariya ba.

Enoch Garbutt shi ke kaɗa ƙararrawar coci in an yi rasuwa. Bugu tara namiji ne, shida mace, sannan a biyo da shekarun mamacin. Kowa kan ajiye abin da ke hannunsa ya ƙirga.

Wata shekara teku ta yi ta cin masuntanmu, har hannun Enoch ya saba da tara. Ran nan tarin fuka ya kashe wata budurwa 'yar shekara ashirin da huɗu. Enoch ya kama igiya, hankalinsa na wani wuri, ya buga tara. Edna Storr tana shanya, ga tsohon ciki, mijinta yana cikin teku, shi ma shekarunsa ashirin da huɗu ne. Ta ƙirga, ta ɗauka gawarsa ruwa ya turo. Ta yar da kwando ta zura a guje zuwa gaɓa, santsi ya kwashe ta a matakalar dutse. Da yamma mijin ya dawo lafiya lau da kifinsa, ya tarar babu ita babu ɗan.

Ba wanda ya kai Enoch ƙara, kuma da an kai shi da ya fi masa sauƙi. Sunansa aka mayar abin tsokana. A mashaya in wani ya ɓarar da giya sai ka ji, "A'a, Enoch, yaushe ka sauko daga cocin?" Mu dai ba mu iya faɗa ba, amma mun iya kashe mutum da raha. Enoch ya saki igiya ya koma ɗinkin tarun kamun kifi. Burinsa ɗaya ne, kalmar nan ta riga shi mutuwa. Ya hana a sa wa jikoki sunansa, a gida ma Kaka kawai ake ce masa.

Ina wurinsa ranar da jikarsa Mavis ta kawo masa shayi, ta yi tuntuɓe, kofin ya tarwatse.

"Wayyo, Kaka, yi haƙuri, na yi Enoch!"

"Wa ya koya miki wannan?" ya tambaye ta.

"Ai kowa haka yake cewa. Wai shi wane ne ma?"

Ya dubi fasasshen kofin.

"Wani sakarai ne," ya ce. "Kwashe, kar ki taka."