Makarantar da Sigvald Ya Je Karewa

Sigvald Tennvik ɗan masunci ne, a wani tsibiri can arewacin Norway aka haife shi, inda warin busasshen kifi ke bin mutum har cikin coci. Bai gaji ubansa ba, da ya hau jirgin ruwa sai amai. Sai ya kama alli. Shekara da shekaru yana koyarwa a makarantar tsibirin mai aji ɗaya, shi ne malami, shi ne mai hura murhu, shi ne mai kwashe ƙanƙara daga bakin ƙofa.

Kowa ya sani, ranar da aka rufe makarantar nan iyaye za su kwashe 'ya'yansu su ƙetare ruwa, a bar tsofaffi da tsuntsaye. Don kada a rufe ta ne jama'a suka tura shi majalisa a Oslo.

Sigvald kuwa akwai baki. Kafin ka ce kwabo jam'iyya ta ba shi jagorancin 'yan majalisarta, kuma babba juji ne. Da aka ƙulla ƙawancen kafa gwamnati, cikin sharuɗɗa har da rufe ƙananan makarantu, shi aka ɗora wa haɗa kan mutanensa. Ya haɗa su kuwa.

A majalisar babu ƙaurace wa ƙuri'a, dole ka danna maɓalli, ko na i ko na a'a. Kujerun zama kuma ba bisa jam'iyya ake jera su ba, bisa jiha ne, don haka kusa da shi Ragnfrid ce, 'yar adawa, wadda shi ya koya mata riƙe fensir.

Ranar ƙuri'ar rufe makarantun ta karkato ta ce, "Malam, ka tuna abin da kake faɗa mana a aji? Wai sunkuyar da kai ba amsa ba ce."

"Ragnfrid, ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Ai na bar ka. Danna mu gani."

Ya danna na amincewa. Ba ta sake kiransa Malam ba.

Da ya tsufa ya koma tsibirin, ya tarar ana ajiye tsoffin komayen masunta a ajinsa. Babu wanda ya zage shi, ai masu zagin sun ƙaura. Ranar da ya rasu aka nemi masu ƙarfin ɗaukar akwatin gawarsa aka rasa. A amalanken kifi tsofaffi suka tura shi zuwa makabarta, suna hutawa a hanya.