Sha'ibu da Ɗakin Sarbar

Sha'ibu ɗan unguwarmu ne. Ya yi wata makarantar ordinatar, wato kwamfuta, a Maraɗi, ya dawo Dakoro da tabarau, alhali idonsa lafiya lau. Wata ƙungiya mai haɗa wa makiyaya manhajar neman rijiyoyi ta ɗauke shi ya kula da sarbar, wato babbar na'urar da masu rubuta manhajar ke tara aikinsu a ciki. Shi ke buɗe wa mutum hanyar shiga, shi ke rufewa. Iyakar aikin ke nan. Amma in ka ga tafiyarsa sai ka rantse shi ya haƙa rijiyoyin.

Ɗakin sarbar kaɗai ke da kilim mai sanyaya ɗaki a duk biron, wato ofishin ƙungiyar, sai ya maida shi zaurensa. Mai son izini sai ya tuɓe takalmi, ya tambaye shi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ciwon bayan da ba shi da shi. Ranar da gaisuwarka ta gajarta, ranar modpas ɗinka, kalmar sirrin shigarka, ke mutuwa.

Mansura, 'yar Kornaka, ita ke haɗa sabuwar taswirar rijiyoyin arewa. Dole aikin ya isa Maraɗi kafin makiyaya su tashi, in ba haka ba tsohuwar taswira za ta kai garkunansu ga rijiyoyin da suka ƙafe. Wata safiya tana sauri ta ce masa "ina kwana" ba ta tsaya ba. Kafin hantsi, Sha'ibu ya rufe mata hanyar shiga sarbar.

Ta leƙa ɗakin da takalminta. "Sha'ibu, an toshe mini hanya."

"Malam Sha'ibu," ya gyara mata. "Matsalar rezo ce, layin sadarwa."

"Rezon ya san sunana ke nan? Kowa na shiga sai ni."

"Ki dawo gobe da ladabi, ƙila ya gane ki."

"To, ka gaishe min da shi."

Ta kwafe aikinta a kile, 'yar ma'ajiyar bayanai ta aljihu, ta ba direban motar Maraɗi. Taswira ta isa kan kari. Sauran ma'aikata suka ga abin ya fi sauƙi, kowa ya sayi kile, suka bar Sha'ibu yana shan sanyi shi da na'urarsa.

Da diraktan ƙungiya ya zo daga Maraɗi ya ce a nuna masa sabon aiki, ba a samu komai a sarbar ba sai tsofaffin kaya. Ya ce a maida ta Maraɗi. Sha'ibu da kansa ya ɗauko ta a ka, ya sa a bayan mota, yana ta yi wa direba huɗubar bin ramuka a hankali. Direban ko rage rediyo bai yi ba.