Turmin Matar Maigadi

Ni dai da girmana na koyi bambancin aro da rance. A ofishinmu kowa "ara mini" yake cewa, ko biro ne ko sukarin shayi, babu mai tambayar yadda za a dawo da sukarin da aka riga aka shanye.

Shekarar da muka koma Unguwar Rimi a Kaduna, akwai wani kango a jikin katangarmu. Maigadinsa Bazamfare ne, yana zaune da matarsa, wata dattijuwa marar yawan magana. Ran nan aka ɗauke wuta, injin markaɗena ya zama kayan ado, ga baƙi suna tafe. Na leƙa na ce, "Inna, ara mini turminki." Ta mirgino mini shi, tsoho, baƙi ƙirin, bakinsa duk ya cinye.

Bayan kwana biyu ƙanwar mijina ta gan shi a kicin, tana shirin suna a Kinkinau, ta sa aka ɗora mata shi a keke napep. Ban hana ba. Aka yi suna aka watse, turmi ya yi ɓatan dabo. Sai na je kasuwa na zaɓo sabo dal, wanda ya fi nata girma, na kai mata ina jin kaina wata mai kirki.

Ta dube shi, ko taɓawa ba ta yi ba. Ta ce, "Hajiya, wanga ba shi na ba."

"Ai ya fi wancan kyau, Inna."

"Da gero kika ranta, kowane gero kika kawo sai in amsa. Turmi ko aro na ba ki. Abin aro shi da kainai ka dawowa gida."

Gaskiya raina ya sosu. Na kira mahaifiyata don in kai ƙara, sai ta kama yi mini dariya. Ta ce gishiri da mai ake ranta, don cinyewa ake yi a mayar da kamarsu. Garwashi kuma ɗiba ake yi. Wanda ya ce "sam mini" kuwa, ka manta da shi. "Ke da digirinki ba ki san wannan ba?"

Abin ya tsaya mini a rai, na shiga bin sawun turmi. Ashe daga gidan suna maƙwabciya ce ta ara, ita ma ta ara wa kishiyar yayarta, daga nan ya faɗa hannun wata mai dakan yaji a Rafin Guza. Kowacce rantsuwa take yi ita aro kawai ta yi, kuma babu wadda ta san mai shi. Asabar uku na kashe a kan hanya.

Na same shi jingine a bayan wani ɗaki, ya tsage daga baki har kusan gindi, sai warin barkono yake yi. Kunya ta ishe ni, amma haka na kai mata shi.

Inna ta durƙusa, ta zura hannu ciki tana shafawa. Tsagewar ba ta dame ta ba. Can ta ce, "Ranar da aka tashe mu daga garinmu, ɗiyata ta ɗauko shi bisa kai har bakin titi. Turmin ya iso Kaduna, ita ba ta iso ba."

Sai na zauna a ƙasa kusa da ita.