Tsohon da Ke Magana da Sabara

Surukina bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Haka ake a garinmu, can wajen Attantane. In na kai mishi hura gona, sai in durƙusa nesa kaɗan ina jiran ƙwarya. Shi kuma ya juya ga wani ɗan tohon sabara, ya yi ta hira da shi. Na daɗe ina tsammanin tsufa ne. Ashe ni yake karantarwa.

"Kai ɗan nan," yakan ce wa tsiron, "ka tare iska, iska ta aje maka ƙasa da ganye. Akuya ta zo inuwa ta bar taki. Gara ta huda ƙasa, ruwa ya shiga, hatsi ya sha, kai ma ka sha, ka girma ka ƙara tare iska. To, wa ya fara? Ni dai na nemi bakin zaren ban samu ba."

Lokacin mulkin soja ne, fari na bin fari. Doka ta ce itace na gwamnati ne, wanda ya sari reshe a kama shi. Sai kowa ya riƙa tuge tsiro tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo mishi fitina. Tsohon ya ce doka ta ga itace na ƙarewa ta ƙara zafi, mu kuma mun ga zafi mun ƙara tugewa, kowa yana ciyar da tsoron ɗan'uwansa. In an ce daji ya mutu, sai ya ce, "Wa ya tona ya gani? Sama suka duba. Ido abin da ya saba nema shi yake gani."

Shekarar da maigidana ya tafi cin rani Najeriya tsohon ya kwanta. Ina shara a ƙofar ɗakinsa na ji yana faɗa wa sandarsa, "A bar mini ƴaƴana su tsaya a gona." Tohon da ya bari a gonarmu yake nufi. Bai kai sassabe ba ya rasu.

A bakin rijiya mata suka tasa ni gaba. Wata ta ce, "Ke matar gidan daji, bana zomaye za ku girbe ko kuraye?" Wata ta ce, "Ku bar ta, gadon tsoho take kiwo." Na taya su dariya, amma da zafin abin na koma gida. Na ɗauki gatari, da goyo a bayana, kwana uku ina saran tohon gonar. Ban tsaya nan ba, na tara kara bisa kututturan na sa wuta, don kada su sake tohowa su ba ni kunya. Gona ta fita fes kamar tafin hannu. Aka yaba mini.

Ruwa ya sauka, na yi shuka. Hatsi na fitowa iskar hadari ta taso, ba abin da zai tare ta, rairayi ya yanke shi ya binne. Na sake shuka, ta sake binnewa. Na uku da sauran hatsin rumbu na yi. Da maigidana ya dawo ba mu da na tuwo, muka kwashi yara muka koma Tasawa wajen yayana.

Can na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Da hannuna ya faɗa, maganganun tsohon na fara rubutawa, iyakar waɗanda na riƙe. Shafi huɗu kawai suka cika.

Daga baya muka dawo garinmu. Yanzu kowa na barin toho a gonarsa, har baƙi na zuwa da mota kallo. Maƙwabtanmu da suka sare kawai, saiwoyinsu na raye a ƙasa, itacensu ya dawo. Inda na sa wuta bai dawo ba. Bara muna hutawa a inuwar gawon maƙwabci, babbar ɗiyata ta ce, "Inna, mi ya sa tamu gonar kaɗai ba ta da inuwa?" Ta ɗauki hauyarta za ta koma aiki. Sai na ce ta zauna in ba ta labari.