Mijin da Dariya Ke Kayarwa

Ranar farko da maigidana ya faɗi, ni na kayar da shi, kuma ko yatsa ban ɗora masa ba. Muna tsakar gida a Tsamaye, ina kwaikwayon yadda yayarsa ke taunar goro da guntayen haƙoran da suka rage mata. Ya fara dariya, sai haɓarsa ta saki, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya zube kamar buhun da ba komai a ciki. Kafin in gama salati ya tashi yana kakkaɓe riga, wai in ƙarasa masa.

Dama shi gwanin barci ne. Yakan yi gyangyaɗi da loma a hannu, an kuma sha samunsa a gonar gero yana minshari, hauya na kan cinya. Wannan kowa ya saba, ana ta yi masa tsiya. Amma da faɗuwa ta yawaita, sai gari ya raɗa mata suna: farfaɗiya. A wajenmu in an faɗi wannan kalmar an gama da mutum, don an ɗauka ana kwasarta a yawu. Ni kuma, mai bakin da bai iya zama ba, aka ɗora mini dokar shiru. Gidanmu ya koma tamkar gidan makoki, abin ya ci mini rai ƙwarai.

Sai ga aike daga Kamarawa. Babana ya ce da an gama girbi zai zo ya ɗauke ni, don ina da ciki, kuma jikansa ba zai faɗo a gidan farfaɗiya ba. Ni ko ina son mijina, da barcinsa da komai. Na tasa shi gaba muka nufi asibiti a Sakkwato.

Likitan da muka samu Bayarabe ne, mu kuma Gobirawa. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, ba a haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba. Yana ganin tsagen kumatun maigida ya ajiye biro.

"A'a, bawana ne ya zo! Kaji ne suka yi tono a fuskarka?"

Na shiga ɗaga masa hannu ina girgiza kai, amma ina! Maigida ya buɗe baki zai rama, dariya ta riga shi, ya sulale daga kan kujera. Likita ya durƙusa ya tallabe shi, yana ta yi masa magana a kunne. Da maigida ya dawo daidai, sai ya maimaita duk abin da aka faɗa masa, ya kuma ƙara da cewa, "Mai shan manja da ludayi ba shi yi ma ubangidanshi rashin kunya."

An yi gwaje-gwaje, har da kwantar da shi da wayoyi manne a kai. Daga baya likita ya zaunar da mu. Ya ce can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan saƙo da ake kira oreksin, aikinsa shi ne ya ce wa jiki ya zauna a farke, gaɓoɓi su riƙe. Akwai kuma masu karɓar saƙon, kamar waya da ke jiran kira. Wayar maigida lafiyarta ƙalau, mai kiran ne ya ɓace. Shi ya sa barci ke shigo masa ba sallama, dariya kuma ta kwance masa gaɓoɓi alhali hankalinsa na nan. Ya ce akwai wasu karnuka da su wayar ce ta lalace, su ma haka suke zubewa in sun yi murna.

"Ka ga 'yan'uwanka ke nan," in ji shi. Na yi maza na riƙe maigida.

Ba farfaɗiya ba ce. Ita ma farfaɗiyar, in ji likita, ba a ɗaukarta a yawu. Ya rubuta magani mai rage abin, ya hana shi tuƙa babur da leƙa rijiya, ya ce ya riƙa ɗan kwanciya da rana.

Bayan girbi Baba ya iso da hantsi. Na zayyana masa komai, har da karnuka. Ya ce, "Zancen likita na. Ni sai na gani da idona. In da gaskiya shina ji in ya hwaɗi, mu gani."

To, ga inda gizo ke saƙa. Wane Bagobiri ne zai yi dariya a gaban surukinsa? Maigida ya durƙusa a gefen tabarma, kai a ƙasa. Baba, wanda tun da na tashi ban taɓa jin ya yi raha ba, ya jawo labarin wani kurma da ɓarawon akuya. Maigida ya ce, "Haka na, Baba." Ya jawo wani. "Gaskiya na, Baba." Ni ina bakin ƙofa, an riga an sa na ɗaure kayana.

Haushi ya kama Baba. Ya miƙe zai nuna yadda jakinsa ya taɓa yar da shi a kasuwar Isa, ya ja da baya yana harbin iska, ƙafarsa ta harɗe da babbar riga, ya zauna daɓas cikin kaskon ruwan kaji.

Kafaɗun maigida suka fara rawa. Ya cije, ya cije, ya tafi luu. Baba ya yi wuf ya tare kansa da hannu biyu kafin ya kai ƙasa, ya sunkuya ya raɗa masa wani abu. Da maigida ya samu bakinsa ya ce, "Na jiya, Baba. Ba ni hwaɗa ma kowa Kamarawa."

Baba ya daɗe yana kallonsa, wando na ɗiga. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke kuma, ki riƙa shimhiɗa mishi tabarma kahin ki buɗe bakin nan naki."

Ya kama hanyar tasha shi kaɗai. Na shiga ɗaki na zauna a kan ƙunshin kayana, na yi kuka sai da na ƙoshi, sannan na kwance shi.