Tagar Mwaringa da Na Kulle a Sito

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, Allah ya yi wa dattijonmu Mzee Mwaringa Baya rasuwa a gidansa da ke Ngomeni. Surukina ne, mijin yayata Nyevu, kuma ni na hana shi ganin aikin hannunsa na ƙarshe.

Mwaringa, muna samari muka tsaya bakin teku muna kallon rokar Turawa tana tashi daga kan ruwa. Mu muka koma kamun kifi, kai kuwa hankalinka bai sauko ba. Shekara arba'in kana yanka gilashi mai launi, kana haɗa shi da dalma. Duk gidan da aka yi rashi, sai ka kai musu ɗan tauraron gilashi su rataya a taga, ba ka karɓar ko shilin ɗaya.

Da muka gina sabon coci, shekara biyu ka yi kan babbar tagarsa: roka tana ratsa shuɗin sama, wata a gefe, duniyarmu 'yar mitsitsiya a ƙasa. A kwance ake haɗa irin wannan aiki, a kan tebur, don haka mai shi ma ba ya ganin launinsa sai an ɗaga shi rana ta bi ta baya. Ni ne shugaban kwamitin gini. Wasu dattawa suka ce roka ba kayan coci ba ce, na ji tsoron bakinsu, na kulle tagar a sito.

Ka same ni ka ce, "Tsuma, idona na tafiya fa. Ku ɗaga min ita ko sau ɗaya."

Na ce, "Yaya, bari Ista ta wuce."

Ka yi dariya. "Wace Istar? Tun muna yara kai matsoraci ne, ko kaguwa ka gani sai ka haye kwalekwale."

Ista biyu ta wuce. Idon ya rufe, ba ka sake tambayata ba, kuma ba ka daina aiko min da kifi ba.

Ranar Asabar bayan rasuwarka muka ɗaga ta, mu huɗu. Ko awa ɗaya aikin bai ci ba. Nyevu ta daɗe tana kallo, sannan ta fita. Kunya nake ji, Mwaringa, ka yafe min.

Allah ya jiƙanka, ya ba ka hutu cikin haskensa. Yaya Nyevu, da ku 'ya'yansa Kahindi da Dama, Allah ya ba ku haƙuri, har da haƙurin zama da ni.

Tsuma Ngumbao