Sunan da Inna ta ƙi faɗa

"Inna, wa ya yi wa Yesu baftisma?"

Sau uku ina tambayar tsohuwar, ta yi shiru. Zamanin mulkin Shugaba Diori ne, a majami'armu ta Sabon Garin Maraɗi, ana koya mana jagorantar manya a nazarin Littafi Mai Tsarki. Ranar gwajina ce.

Na ce, "Wata guda muna nan, ba abin da ya shiga kanki?"

Maƙwabciyarta ta ce, "Malam, Yohanna sunan ɗanta na fari ne. Bara ya rasu."

Lakwal, wato makarantar boko, ta mantar da ni cewa uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari.

Inna ta ce, "Ba komai, ɗana, ci gaba."

Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ku fa, an taɓa yafe muku abin da kuka kasa yafe wa kanku?